Ragowar Ƙarfen Mangaza

'Yan shekaru bayan ƙasa ta samu 'yancin kai aka gina mangaza, wato sito, a garinmu, a bakin kwarin Tarka, tafiyar yini guda a kan jaki daga Belbeji. Bangon ƙasa, rufin kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe. Ni aka danƙa wa makullin, domin ni kaɗai ne a garin na yi lakwal, wato boko, a Damagaram har nake karanta takardar Faransanci ba tare da na bi ta da yatsa ba. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ga sabon aure, ga girman kai. A wuya nake rataya makullin, a saman riga, kada wani ya wuce bai gani ba.

Mangazar ta ajiyar iri ce. Bayan kaka kowa ya kawo irin geronsa, a barbaɗa masa hodar ƙwari, a kulle, sai ruwa ya kusa a mayar masa da abinsa. Dabarar ita ce, in bazara ta yi tsanani rumbu ya yi ƙasa, mutum ba zai miƙa hannu ya cinye abin da zai shuka ba. Mushe, wato jami'in noma na Tanut, wanda nake ƙarƙashinsa, ya ce ba za a tara buhuna a ƙasa ba saboda gara da danshi, za a aiko mana da kantoci na ƙarfe.

Ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya kawo su duk gari ya fito kallo. Dogayen ƙarafa ne masu ramuka, da fenti ruwan toka, an ɗaure su dami-dami da waya. Sai wani buhu cike da bulon, wato ƙusoshin nan masu zare, da kile biyu, wato sifanar ɗaure su. A cikin buhun akwai takarda mai zane, duk ta sha baƙin mai. Direban ya miƙo mini ita ya ce in duba da kyau, shi yana sauri zai wuce Belbeji. Na dube ta sau ɗaya a gaban mutane, na gyaɗa kai, na ce na gane. Na ninke na tura aljihu, daga aljihu ta tafi wanki, daga wanki ban sake ganinta ba.

Kwana shida muka yi ni da majiya ƙarfi huɗu muna haɗawa. Layi uku, kowanne hawa huɗu, na sama sai da tsani. Da muka gama suka tsaya cak, sun kusa taɓa kwano. Na kama ƙafa ɗaya na girgiza, ta ɗan yi rawa, na ce ai in an ɗora nauyi za ta zauna, haka gado yake. Sai dai an samu ragowa: wasu siraran sanduna dogaye, faɗin yatsa uku, masu rami ɗaya a kowane kai. Mun gwada su a tsaye, ba su dace ba. Mun gwada a kwance, sun yi tsawo. Ga su ba ƙwari, in ka ɗaga ɗaya sai ta lanƙwasa kamar tsumagiya. Na yanke hukunci cewa gyara ce aka ƙara mana, irin wadda mai goro ke yi wa mai saye. Na jingine su a bayan mangaza.

A garinmu kuwa ƙarfe ba ya kwana a banza. Maƙerinmu, wani tsoho da wuta ta rina wa idanu, kwana uku yana bi ta bayan mangaza yana gaishe ni, gaisuwar da ba ta da dalili. A rana ta huɗu ya tsaya ya taɓa sandunan da ƙafa.

"Mai makulli, waɗannan fa? Ko rana za a bar wa ta cinye?"

"Ragowa ce," na ce.

"Ragowarku abincin wasu. Ka san rabon da mu ga ƙarfe mai kyau haka? Mutane da tsohon bakin hauya suke noma, ya side kamar haƙorin tsohuwa."

Al'adarmu ce, duk wanda ya tsinci ƙarfe, ko guntun sarƙa ko karyayyen gatari, maƙera yake kai shi, maƙeri ya fitar masa da wani abu a ciki, saura ya zagaya gari. Ban ga laifi ba. Gaskiya ma daɗi na ji, an roƙe ni abu a gaban jama'a na ce a ɗauka. Kafin wata ya mutu sandunan sun zama bakin hauya da 'yan wuƙaƙen yankan zangarniya, sun bazu a gidaje. Maƙerin ya aiko mini da wuƙa ɗaya, ni kuma na kai wa Baba.

Baba yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami da mahaifina ya rasu, shi ya kai ni lakwal a bayan raƙuminsa a lokacin da kowa ke ɓoye ɗansa. Ba mai yawan magana ba ne, kuma ban taɓa ganin ya roƙi wani ko aron allura ba. Abin da aka san shi da shi daga Tarka har Tanut shi ne geronsa. Gajeren kai gare shi, mai kauri, mai gashi kamar gemun bunsuru, tsuntsu ba ya iya sa masa baki. Yana nuna tun na mutane bai gama fid da kai ba, saboda haka ko ruwa ya ɗauke da wuri Baba ya riga ya ci tumu. Daga kakansa ya gaje shi. Kowace kaka da kansa yake zagaya gona ya zaɓi kawunan iri ɗaya-ɗaya, ya ɗaure, ya rataye a ɗakinsa inda hayaƙi ke kaiwa. Gonarsa tana can bayan tudu ita kaɗai, ba ta haɗa iyaka da ta kowa ba. Ya sha ba mutane irin, amma a hannunsu shekara biyu yake yi ya lalace, domin suna shuka shi gefen wani.

To, kantoci sun tsaya, mangaza ta yi wata guda ba wanda ya kawo ko tiya ɗaya. Manomin ƙasarmu ta Damargu gara ya ba ka aron raƙuminsa da ya ba ka ajiyar irinsa. Kowa ya ce sai ya ga abin da Baba zai yi. Mushe kuma ya aiko da takarda yana tambaya ko riƙon makulli kawai aka ɗauke ni. Na je na durƙusa gaban Baba, na zazzage masa duk abin da na iya.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "A zangarniya za ku karɓa?"

"A'a Baba, sai an sussuke. Hodar ba ta shiga zangarniya."

"Iri a kansa yana da fuska, ɗana. In ka sussuke shi ya zama kowa. Nawa da na maƙwabci da maiwar mutanen kwari, in ka zuba su a tafi ɗaya ko ni ba ni iya raba su."

"Ba za su haɗu ba, Baba. Kowa da buhunsa, kowa da wurinsa. Ƙarfe ne fa. Kuma ni ke da makulli."

Ya daɗe yana kallon makullin a ƙirjina. "Dukansa kake so?"

"In ka rage, za a ce ba ka yarda da ni ba."

Wannan maganar ce har yau nake jin kunyarta. Na san inda zan taɓa shi, na taɓa. Washegari matan gida suka sussuke irin Baba kaf, ya yi buhu biyu. Ya ɗaure bakin kowanne da jan ƙyalle, ya ɗora wa jaki ya kawo da kansa, da rana tsaka, don kowa ya gani.

Daga nan sai ga mutane, na gari da na ƙauyuka. Sababbin buhunan da aka aiko ba su kai ko'ina ba, kowa ya kawo a abin da ya samu: tsohon buhun gyaɗa mai faci a kan faci, sanho na kaba, gora, har da tulu an toshe bakinsa da laka. Kuma babu wanda ya yarda a ajiye nasa a hawan ƙasa. Mu iri a sama muka san shi, kusa da rufi, inda gara da ɓera ba sa kaiwa. Ban da haka, wa zai yarda irinsa ya kwana a ƙarƙashin na wani? Na gwada yin gardama sau ɗaya, wani dattijo ya tambaye ni ko na Baba a ƙasa na sa. Na Baba kuwa yana can ƙololuwa a layin tsakiya. Haka hawa biyu na sama suka cika maƙil, na ƙasa kuwa sai ƙadangare ke yawo. Mushe ya ji labari ya aiko da yabo, na karanta takardar a bainar jama'a har sau biyu.

Tsakiyar bazara direban nan ya dawo da ƙarin hodar ƙwari. Ya shigo mangaza yana fifita da hula, ya ɗaga kai, sai na ga hular ta tsaya. Ya leƙa bayan layin farko, ya leƙa na biyu, ya fita waje da baya da baya, ya yafito ni.

"Ina gicciyen?"

"Wane gicciye?"

"Siraran nan da ake ɗaurawa ta baya da gefe, ɗaya ta hau nan, ɗaya ta sauko nan." Ya gicciya hannayensa a ƙirji. "Su ke riƙe da komi. In babu su ai wannan raƙumi ne mai ƙafa huɗu ba jijiya. Ina ka ajiye su?"

Na ce suna nan, zan ɗaura.

"To ɗaura yau-yau. Amma a sauke kayan tukuna, kada ka taɓa shi da nauyi a kansa. Kuma wane mahaukaci ne ya cika sama ya bar ƙasa?" Bai jira amsa ba, ya hau kamyonsa ya tafi. Na tsaya ina kallon bangon da na jingine sandunan, ina tuna yadda na raina su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar na ɗaure tsakuwa a zare, na hau tsani na rataye a kan ƙafar layin farko, yadda na ga magina na yi a Damagaram. Tsakuwar ba ta sauka a gindin ƙarfen ba, ta kauce da faɗin yatsa ɗaya zuwa wajen layin tsakiya. Na yi alama da gawayi a daɓe. Bayan kwana biyar ta zama yatsa biyu.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, ko a lokacin na san shi: in tara mutane, in faɗi gaskiya, a sauke kaya. Amma in na tara su me zan ce? Cewa ni da na yi lakwal ban karanta takarda ba? Cewa ƙarfen gwamnati na rabar, yanzu yana saɓe a kafaɗar rabin gari? Cewa na sa Baba ya sussuke irin kakansa ya ɗora a kan abin da ba shi da jijiya? In abin nan ya faɗi, buhunan faci da tuluna ba za su jure ba, komi zai haɗu a daɓe, kuma abin da Baba ya faɗa mini game da tafi ɗaya shi zai faru. Sau uku na rubuta wa mushe takarda, sau uku na yaga.

Sai na shiga dabarun matsoraci. Na samo gwafa biyu irin na bakin rijiya na tokare layin farko, siminti ya yi santsi, gindin gwafar ya dinga zamewa. Na ce bari in riƙa rage kaya kaɗan-kaɗan ni kaɗai. Gora da sanho na iya, na sauko da kusan goma hawan ƙasa. Ranar kasuwa masu su suka leƙo gaida ajiyarsu kamar yadda suka saba, kowa ya ga nasa a ƙasa ya ɓata rai, ya hau tsani ya mayar da kansa. Ina tsaye ina kallo. Da na gwada jan babban buhu kuwa, duk layin ya yi wani nishi ya biyo ni. Na sake shi, na ƙame a kan tsanin, gumi na ɗiga daga haɓata, ban san iya lokacin da na yi kafin na iya saukowa ba.

Na Baba nake so in ciro, ko da shi kaɗai. Amma yana ƙololuwar tsakiya, an danne shi da kayan wasu, ba yadda za a zare shi sai an taɓa komi. Kullum sai in tsaya a ƙofa in ɗaga kai in hango jan ƙyallen.

Da azahar, in kwano ya ɗauki zafi, ƙarfen yakan yi ƙara, ƙis, ƙis, kamar mai taunar tsakuwa. Na daina zama a ciki, na koma gindin aduwar da ke ƙofa, jikina a waje kunnena a ciki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: duk wanda ya ce mini "ina ajiya?" sai in ji kamar ya sani. In na hango mutum da sabuwar hauya a kafaɗa sai in kau da kai. Matata ta ga tuwo na dawowa yadda ta kai shi, ta tambaye ni ko wani laifi ta yi. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ta shiga ɗaki tana kuka, na fita ina jin haushin kaina.

Na je maƙera na zauna ina kallon zugazugi, na tambaya a kaikaice ko akwai sauran sanda ko ɗaya. Maƙerin ya yi dariya ya nuna mini wani guntu da bai kai kamu ɗaya ba. "Albarkacinka bana kowa da sabon baki zai yi noma," in ji shi. "Sai sa maka albarka ake." Na ce amin, na tashi.

Yatsa uku. Yatsa huɗu. Gabas ta fara haɗa hadari da la'asar yana watsewa, wasu har sun fara zancen binne, shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka. Na riƙa lallashin kaina cewa saura ƙiris ruwa ya sauka, kowa ya kwashe nasa, in ɗaure abina ko da igiya ce, ba wanda zai sani. Kowace safiya ina roƙon Allah ya ƙara mini kwana ɗaya kawai. Tsoro nake ji, irin tsoron da ke hana mutum jin ɗanɗanon ruwa. Ranar da tafin hannuna gaba ɗaya ya shige tsakanin tsakuwa da gindin ƙarfe, na san ba zan kai ba.

Na sami Baba da hantsi a zaure yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa, na faɗa masa komi, daga takardar da ban karanta ba har zuwa tsakuwa da zare. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

"Tun yaushe ka sani?" ya tambaye ni.

"Kwana ashirin da wani abu."

Ya ajiye ƙotar. "Kwana ashirin kana kallonsa kai kaɗai?"

"Kunya na ji, Baba."

"Kunyar wa? Akwai wanda ya taɓa ganin irin abin nan a garin nan, balle ya ce ya fi ka sani?" Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Tashi. Je ka kira maza, kowa ya bar abin da yake. A jiƙa kiri. In an sauke sai mu gicciya masa, in fata ta bushe ita za ta ja shi ya miƙe. Da haka muke ɗaure itacen rijiya tun ba a haifi mai ƙarfen ba."

Wato maganin yana rataye a zauren gidanmu duk kwanakin nan, igiyar fata ce kawai. Na ji wani sanyi, na kuma ji kamar in mari kaina.

Maza duk suna gona wajen shara, sai da na bi su ɗaya-ɗaya. Kowa na faɗa masa gaskiya a tsaye, ba kwana-kwana. Wasu suka yi salati, wasu suka dubi bakin hauyarsu suka dube ni, wani ya fashe da dariya ya ce ashe da kashin bayan mangaza yake noma. Babu wanda ya zage ni. Abin da na yi kwana ashirin ina gudu bai fi haka ba. Sai bayan azahar muka taru, mu kusan ashirin, Baba a gaba da jiƙaƙƙen kiri a kafaɗa yana ɗiga, ni a gefensa da makulli a hannu.

Mun zo daidai aduwa, bai fi taki arba'in zuwa ƙofa ba, sai muka ji shi. Da fari wani dogon nishi, sannan rugugi sau uku a jere, har ƙasa ta amsa a tafin ƙafa. Ƙura fara ta feso ta ƙarƙashin ƙofa. Mata suka fito daga gidaje da gudu suna kallon sama, sun ɗauka tsawar ruwan farko ce.

Wani ya karɓi makulli a hannuna ya buɗe. Layin farko ya kwanta a kan na tsakiya, na tsakiya a kan na uku, na uku ya dafa bango. Tuluna sun tarwatse, buhuna sun fashe, gero yana ta zuba daga sama kamar ruwan indararo, ya riga ya kai idon sawu. Can a tsakiya na hango buhunan Baba, ƙarfe ya farke su tun daga baki har gindi, suna lilo fayau, jan ƙyallen na nan a ɗaure.

Baba ya ajiye kiri a ƙofa, ya cire takalmi, ya shiga a hankali ya tsuguna. Ya ɗebi tafi ɗaya ya kawo wajen haske, ya daɗe yana juya shi da yatsa. Sannan ya buɗe hannun ya bar shi ya zube.

"A kawo tsintsiya da faifai," ya ce. "Kada a tattake, abinci ne."

Kwana uku mata suna sheƙa suna tsince fasassun tuluna. Aka tara shi tuli guda a tabarmi, aka mayar wa kowa gwargwadon abin da ya kawo. Ba a yi mako ba ruwa ya sauka, kowa ya shuka abin da ke hannunsa, ba wata mafita. Mushe ya zo daga Tanut, ya yi mini faɗa da Faransanci a gaban jama'a, sannan ya juya ya ce da Hausa a gode wa Allah, ba wanda ya ji ciwo, kuma ba a yi asarar komi ba tunda gero yana nan. Baba yana tsaye a wurin yana ji. Ba a kore ni ba. Daga baya ma an aiko da wasu ƙarafan, na haɗa su ina bin takarda da yatsa, layi-layi. Makulli kuwa tun ranar na mayar da shi cikin riga.

Da damina ta yi nisa na je bayan tudu. Gonar Baba da aka saba gani kai ɗaya kamar an yi mata aski, ta zama tarkace, wannan dogo, wancan gajere, wani ya nuna wani bai ko yi ciki ba. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar. Maiwar kwari ta tsaya kore shar da kawuna ba ƙwaya, tsuntsaye suka sauka a kan masu sanƙo. Ba a yi yunwa ba, amma rumbun Baba bai kai wuya ba, karo na farko a sanina.

Abin da ya fi ci mini rai a kaka ya zo. Baba ya ɗauki sanho da 'yar wuƙar nan da na ba shi, ya fara bin gonakin mutane. Mutumin da bai taɓa roƙon allura ba, sai ga shi a bakin gonar sa'an ɗansa yana sallama, yana cewa, "Ko za ka bar ni in duba, akwai nawa a ciki." Kowa cewa yake, "Haba Baba, shiga mana," amma sai ya faɗa, a kowace gona sai ya faɗa. Ya ratsa cikin kara yana ɗaga kai, in ya ga gajere mai gashi ya yanke. Na bi shi na karɓi sanhon, bai hana ni ba, bai kuma yi mini magana ba. Muka bi ƙauyuka har kusa da Belbeji, kwana goma sha wani abu, shi a gaba ni a baya. Da zai zage ni ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Abin da muka tara duka bai fi ƙaramin dami ɗaya ba.

Da muka dawo ya baje su a tabarma yana dubawa. Na ce, "Baba, ai ga shi ya dawo."

"Fuskar ce ta dawo," ya ce. "Sun sha bununin wasu. Sai an yi ta cirewa."

Kaka huɗu ya yi yana cirewa. Ya shuka, ya bi gona kafin bununi ya sare duk wanda bai yi kama da nasa ba, ya zaɓi iri, ya rataye a hayaƙi. A ta huɗun ƙafa ta riga ta ƙi, a kan jaki na kai shi gona, yana nuna mini da sanda ina yankewa. Bayan an gama girbi ya aika aka kira ni ɗakinsa. Ya sa na sauko da damin irin, ya ɗora wuƙar a kai, ya turo mini.

"Bai gama wankuwa ba. Ka ci gaba."

Na ce, "Ni, Baba?"

"To wa? Akwai wanda ya fi ka sanin yadda aka yi ya haɗu?"

Bai ga wata damina ba.

Har yau ina shuka shi a gonar bayan tudu. Yawancinsa ya dawo yadda na san shi ina yaro, gajere, mai kauri, mai gashi, kuma har yanzu ni ke fara cin tumu a garin. Amma babu shekarar da ba na hango wani dogo mai sanƙo ya ɗago kai sama da saura, ɗaya ko biyu, a tsakiyar gona. Nakan shiga da sassafe tun bai yi bununi ba, in yanke shi da wuƙar Baba, wadda wasawa ta cinye har ta kusa ƙarewa. Baɗi wani zai fito.